Buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya?

Malam Habu, Saminaka:
Assalamu alaikum. Tun da aka shiga kaka zance ɗaya ne a kasuwa da majalisa: taki ya yi tashin gwauron zabo, masara ta faɗi warwas. Sai dai muddin da naira muke awo, musu kawai za mu yi ta yi, domin nairar 2017 ba ita ce ta yau ba. Awon da ba ya ruɗi shi ne buhu da buhu. A 2017, lokacin da shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko ya tsayar da kamfa, wato takin haɗi na NPK 20:10:10, a kan naira 5,500, buhun masara mai kilo 100 kan sayi buhun taki biyu ko abin da ya yi kusa. A tsakiyar kakar 2025 kuwa akwai kasuwannin da za ka sauke buhun masara, sai ka yi ciko kafin a ba ka kamfa ɗaya mai kilo 50.

Ga lissafin hekta ɗaya. Alƙaluman misali ne, kowa ya cire nawa ya sa na garinsu. Hayar gona 80,000. Haro da huɗa 70,000. Iri mai aure kilo 20, 60,000, shuka 20,000. Maganin ciyawa da ladan mai feshi 45,000. Kamfa buhu 6 a kan 48,000, yuriya buhu 3 a kan 40,000, taki kaɗai ya tashi 408,000, masu zubawa 25,000. Maimai da huɗa ta biyu 40,000. Maganin tsutsa 25,000. Karya da ɓara da casa 80,000. Buhuna da dako 47,000. Jimla 900,000 cif.

In Allah ya ba da buhu 40, a fitar da 4 na zakka, saura 36, kowane buhu ya tsaya wa manomi a kan 25,000. In buhu 25 aka samu, bayan zakka kowane ya tsaya a kan 40,000. To a ce kasuwa na saye 30,000. Na farko ya tsira da 180,000 bayan wahalar wata biyar, na biyu ya yi asarar abin da ya haura 200,000. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, masu buhu 25 sun fi masu 40 yawa nesa ba kusa ba.

Hajiya Binta, Zariya:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Lissafi ya fita, amma gefe ɗaya aka duba. A 2024 da masara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ba mu ji wannan lissafin buhu da buhu ba. Abincin kajin ƙwai kusan rabinsa masara ce, sauran waken suya da dusa da ƙashi da sinadarai. Da masarar ta haye, gidajen kaji da yawa suka rufe, masu ƙaramin ƙarfi suka sayar da kajin suna tsakiyar yin ƙwai. Waɗannan su ne manyan masu sayen masarar manomi. Wanda ya rushe kejinsa ba ya dawowa cikin wata uku don farashi ya sauko. Wani ɓangare na faɗuwar da kuke kuka da ita, tsadar 2024 ce ta haife ta.

Malam Habu, Saminaka:
Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Amma a duba wa ya ci tsadar. Mafi yawan ƙananan manoma sun sayar tun Nuwamba da Disamba don biyan bashin taki da kuɗin makaranta da hidimar biki. Lokacin da farashi ya kai ƙololuwa a Yuni da Yuli, masarar tana sito a hannun wasu, manomin ma awo yake a kwano.

Alhaji Garba, Dawanau:
Na ga an fara harbo mu 'yan kasuwa, bari in shigo. Malam Habu, masu siton nan da kake nufi su ne suka fi kowa shan kashi a 2025. Sun saya da tsada a kakar 2024 suna jiran bazara kamar yadda aka saba, sai farashi ya yi ta gangara maimakon hawa. Akwai kayan da aka fitar ƙasa da kuɗin saye, ban da hayar sito da gadi da magani.

Dalilan faɗuwar ba ɗaya ba ne. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Manyan kamfanonin abincin kaji da na fulawa da na casar shinkafa, waɗanda su ne ke ɗaga kasuwa in sun shigo da tireloli, suka samu wata ƙofa. Cikin watannin nan kuma Indiya ta sassauta takunkumin da ta sa wa fitar da shinkafarta, farashin duniya ya sauko. Sannan tsadar 2024 ta sa kowa ya koma gona, har wanda bai san kan fartanya ba ya kama hekta biyar. Naira kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya, ɗan kasuwar da ke ɓoye kuɗinsa a cikin hatsi don gudun faɗuwarta ya daina ganin dalili. Duka suka haɗu a kaka guda.

Nasiru, Argungu:
Alhaji, duka mun ji. Abin tambaya, me ya sa taki bai bi sahu ya sauko ba? Yuriya a ƙasar nan ake yin ta. Masana'antar takin Dangote da ke Lekki da aka buɗe a 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, ga ta kamfanin Indorama a Eleme. Mun fi ƙarfin buƙatarmu, har waje ake kaiwa.

Malam Isiyaku, malamin gona, Giwa:
Amsar tana cikin maganarka ta ƙarshe, Nasiru. Tunda ana iya loda ta a jirgin ruwa a kai Barazil a karɓi dala, farashinta a nan ba zai yi nisa da na kasuwar duniya ba. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,400 cikin shekara guda, yuriya ta bi ta. Kamfa kuma ta fi muni, domin haɗi ce. Yuriya da farar ƙasar da ake cikawa da ita namu ne, amma sinadarin fosfet daga Maroko yake zuwa, fotash kuma galibi daga Rasha da maƙwabtanta, wanda yaƙin Yukiren na 2022 ya hargitsa. Sai dako. Tirela tana ɗaukar buhu 600, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga bakin teku zuwa Kano a kan man dizal. Duk miliyan ɗaya da aka ƙara a kuɗin mota, kusan naira 1,700 ke nan a kan kowane buhu kafin dila ya sa nasa.

Masara kuwa farashinta a Saminaka da Dandume da Giwa ake yanke shi, ranar kasuwa, gwargwadon yawan buhunan da suka sauka. Manomi yana saye da farashin dala yana sayarwa da farashin kaka.

Baba Ɗanjuma, Funtuwa:
Yara, ku bar ni in ɗan koma baya, don wasu na cewa da can gwamnati ke saye, manomi na cikin daula. A yi hattara da wannan zance. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, hukumar ciniki ta Jihar Arewa ita ke yanke farashin gyaɗa da auduga kafin kaka, wakilanta masu lasisi su saya, 'yan baranda su bi ƙauyuka. Farashin da ake ba manomi yana ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma da ita aka yi ayyuka da yawa na Arewa. Wato haraji ne a fakaice. Abin da manomi ya samu shi ne ya san farashi tun kafin ya cire gyaɗarsa. Sai farin 1973 da cutar da ta kwantar da gyaɗa a 1975 suka karya ta. Hukumomin cinikin kuma aka rushe su a 1986 zamanin Babangida.

Masarar nan da muke kuka a kanta, da can ta bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa na Gusau da Gombe, shi ya fitar da ita fili da farin iri mai suna TZB. Kuma ta karɓu ne saboda a shekarun nan gwamnati na ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin taki. An gina noman masara a kan taki mai arha. An janye tallafin a 1997, aka dawo da kashi 25 a 1999, aka zo da na wayar hannu a 2012 mai buhu biyu a rabin kuɗi, aka zo da bashin manoma na Babban Banki mai suna Anchor a 2015. Kowanne ya zo ya wuce, masara kuwa ba ta rage ci ba.

Hajiya Binta, Zariya:
Allah ya ƙara girma Baba. To ke nan a koma dawa da gero?

Baba Ɗanjuma, Funtuwa:
Wasu sun riga sun koma, 'yata. Kaura da farfara suna haƙuri da buhu biyu ko uku na taki. Sai dai ba sa ba da buhu 40, kuma in kowa ya koma, ita ma dawar za ta faɗi.

Malam Isiyaku, malamin gona, Giwa:
Ni a ganina kafin a gudu daga masara a fara duba inda takin ke zurarewa, don nan ne kuɗin yake. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. A gonar da aka kula da ita, kowane kilo kan ƙara kilo 15 zuwa 20 na ƙwaya, wato buhun yuriya ɗaya ya dawo da buhun masara uku da rabi zuwa huɗu da rabi. A gonar da aka yi sakaci, yakan faɗo ƙasa da kilo 10, buhu biyu ma da ƙyar. Taki iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya. Lokacin da taki ke 5,500 sakacin ba ya nunawa. Yanzu shi ne bambancin riba da asara.

Wuraren da ake zubar da kuɗin sanannu ne. Na farko yawan shuka. Kunya santimita 75 tsakani, rami santimita 25, ƙwaya ɗaya, zai ba ka tushe kusan 53,000 a hekta. Je ka ƙirga a gonakin mutane bayan sati uku, da yawa ba su kai 35,000 ba, saboda ɗan ƙwadago jinga ya ɗauka, taku yake faɗaɗawa ya gama da wuri. Ka zuba takin tushe 53,000 a kan 35,000, sauran ciyawa ka ciyar.

Na biyu yadda ake zubawa. Kamfa ana sa ta kwana 10 zuwa 14 bayan shuka. A soka rami da tsinke kamar tsawon ɗan yatsa daga gindin masarar, zurfinsa ma haka, a zuba cikin murfin kwalbar lemo ɗaya a shafe, wajen giram 5 zuwa 6, a take da ƙafa. Buhu 6 zai zagaye hekta daidai. Yuriya a sati na 4 zuwa na 6, rabin murfi, ita ma a binne, ƙasa da danshi. Wanda ya watsa ta a saman kunya da rana tsaka, ya dawo bayan kwana biyu ya sunkuya, zai ji wari mai hawa hanci kamar na fitsarin dabbobi. Kuɗinsa ne ke tashi sama. In kuma ruwa mai ƙarfi ya sauka a daren, ya wanke ta zuwa kwari. In ta taɓa gindi ko ta faɗa cikin kunnen masarar, ta ƙone ganye.

Na uku lokaci. Masarar da ganyenta na ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, yunwa ta riga ta kama ta. Takin da aka kawo bayan ta fitar da kai ba ya mayar da layin ƙwayar da ta riga ta rasa a goyo. Da yawa suna makara ne don sai sun sayar da akuya a Yuli kafin su saya, lokacin da takin ya fi tsada.

Shawarata ga mai kuɗin buhu 5: kada ya baje su a hekta ɗaya. Ya noma rabin hekta na masara ya ƙosar da ita, sauran rabin ya sa waken suya. Haya da huɗa da feshi da noma duk da faɗin gona ake biyansu, ba da yawan amfani ba.

Malam Habu, Saminaka:
Malam Isiyaku, binnewar nan a takarda tana da daɗi. Rami 53,000 sau biyu, wa zai soka? 'Yan ƙwadago sun ninka kuɗi tunda kwanon abinci da kuɗin babur suka tashi, samari da yawa kuma sun tafi haƙar zinari ko acaba. Mai watsawa zai gama hekta da hantsi, masu binnewa mutum shida sai sun yini.

Malam Isiyaku, malamin gona, Giwa:
Sa shi a sikeli. A ce binnewa ta ƙara maka 20,000 a kan lissafinka. Taki na 408,000 kake karewa. Ko kashi 10 cikin 100 ka ceto, ka mayar da kuɗinka ninki biyu. Wanda ba shi da hannu kuma, ya ajiye yuriyar a gefen gindi ya biyo da garmar shanu a ranar ta rufe, kada ya kwana.

Lawali, Madawa, Nijar:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Abin da kuke ciki yanzu mu mun daɗe cikinsa, tun da anka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Shi ya sa wajenmu ake sa taki ɗan kaɗan cikin rami. Hatsi, wato gero, ana shuka shi mita ɗaya tsakani, rami 10,000 a hekta. Kowane rami a sa giram 6 na kamfa 15:15:15, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da 'yan kai. In takin DAP mai yawan fosfet ne giram 2, abin da yatsu uku za su tsinta, kilo 20 ya isa hekta. Masu bincike na Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna gwada shi. Sharaɗinsa, ƙasa ta jiƙu sosai, kuma kada takin ya haɗu da iri kai tsaye, in ba haka ba ya ƙone tsiro. Kuma ba ya maye gurbin takin dabbobi, in an shekara biyar ana yi ba a mayar wa gona komai, ƙasa za ta gaji.

Na biyu shi ne warantaji. Ƙungiya ta tara hatsi ko wake a magaza lokacin kaka, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen ƙungiya, ɗaya wajen asusun da ya ba da bashi. A ba kowa bashin da bai kai darajar kayansa ba, ya yi kiwo ko noman rani. Wajen watan biyar a buɗe, a sayar, a biya, a sayi taki da saura. Yana hana falle, inda mutum ke karɓar kuɗi da damina ya biya da dami a farashin wulaƙanci.

Alhaji Garba, Dawanau:
Malam Lawali, tsarin yana da kyau a shekarar da farashi ya hau. A irin 2025 da ya sauka fa? Ga bashi, ga kaya sun rage daraja.

Lawali, Madawa, Nijar:
Haka ne Alhaji, a irin wannan shekara ana jin jiki. Don haka ne ba a ba da bashin cikakkiyar daraja, kuma ba a son mutum ya sa duk abin da ya noma.

Nasiru, Argungu:
Ku na damina ma da sauƙi. Mu a fadama fetur ne takinmu na biyu. A ce shinkafar rani ta sha ruwa sau 25 kafin yanka, kowane ban ruwa injin mai inci uku ya sha lita 15 a hekta, lita 375 ke nan. Kafin a janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a wajen naira 190 kowace lita, kuɗin bai wuce 71,000 da 'yan kai ba. A naira 900 ya zama 337,500. Ƙasa mai yashi ta fi haka ci. Shi ya sa mutane suka koma sauya kafireto zuwa tukunyar gas, masu hali kuma sola. Na gas ɗin a kula da tiyo da abin daidaita iska, in yana yoyo ga zafin inji, gobara ce. Sola kuma ba ta tura ruwa da ƙarfin inji, sai an rage girman fangali an fara tun safe. Masu Kadawa da ruwan Tiga ke gangaro musu ta kanal ba su san wannan ciwon ba. Ga shinkafa shanshera ita ma ta faɗi tunda injinan casa suka rage saye.

Hajiya Binta, Zariya:
Tambaya ga Malam Habu. Na ga ka cire zakka daga buhu 40 gaba ɗaya. Ba a fara cire kuɗin taki da bashi ba?

Malam Habu, Saminaka:
A mazhabar Malikiyya da muke bi, Hajiya, zakkar hatsi a kan abin da aka girbe take in ya kai nisabi, bashi ba ya kayar da ita. Ɗaya cikin goma ga na ruwan sama, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala, irin na su Nasiru. Akwai malaman wannan zamani da ke ganin a cire kuɗin da aka kashe, wannan sai a koma ga malamai. Na sa ta a lissafi ne don mutane na mantawa da ita sai ranar awo.

Baba Ɗanjuma, Funtuwa:
Malam Isiyaku ya ambaci waken suya ya wuce da sauri. A yi bayani, don kowa na cewa ba ya son taki.

Malam Isiyaku, malamin gona, Giwa:
Ba ya son yuriya ne Baba, amma yana son sufa, wato takin fosfet, buhu 2 zuwa 3 a hekta lokacin shuka. Iri kilo 50 zuwa 60, a cuɗa shi da garin ƙwayoyin da ke sa saiwa ta yi ƙulli, a inuwa, a shuka a ranar. Irin TGx 1448-2E ba ya saurin fashewa, wasu kuwa in an makara sati ɗaya bayan ya bushe, za ka ji gonar na ƙas-ƙas da rana, rabin amfanin a ƙasa. Buhu 15 zuwa 20 ake sa rai in an kula. Ribarsa ta biyu sai shekara mai zuwa: masarar da ta biyo bayansa tana buƙatar yuriya ƙasa da yadda aka saba, kuma yana rage ƙuduji a gona. Farashinsa shi ma yana hawa yana sauka, kada wani ya ce na yi masa alkawari.

Alhaji Garba, Dawanau:
Wanda zai ajiye masara ya jira bazara, ya tabbata ta bushe. A ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta yi, in haƙori ya nutse saura. Ko a zuba ta da busasshen gishiri a kwalba a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai danshi. Buhu mai ciki biyu na leda, kowace leda a matse iska a ɗaure ta daban, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera, huda ɗaya ta lalata aikin. Ƙwayar maganin da ake sa wa a sito kuma kada a kuskura a sa ta a ɗakin da ake kwana, tana kisa.

Sannan Malam Habu, buhun da ka yi lissafi da shi kilo 100 ne, kwano 40. Wanda masu saye ke zuwa da shi ƙauye a ɗinka masa hula yakan ci kwano 44 zuwa 46. In aka juye buhu 36 a irin wannan buhu mai kwano 45, buhu 32 kawai za su cika, buhu huɗu ke nan da ba a biya ba. A auna da kwano a gaban mai saye, ko a kai kan sikeli.

Malam Habu, Saminaka:
To wannan ban sa shi ba. In an sa, mai buhu 40 ɗin ribarsa ta dawo 60,000 daga 180,000. Wanda ke kusa da Dandume ko Giwa ya turo mana farashin kasuwar wannan makon, ya faɗa mana kuma da wane buhu aka auna.